Garin masara: wane iri masana'antu ke saya, kuma me ke sa su mayar wa mai kaya da kayansa?

Abu Safwan: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya ce ga masana harkar masara. Ana yawan cewa kamfanoni na kwasar garin masara da tsakinta tirela-tirela, kuma ba duka ne ke tafiya tukunyar tuwo ba. Waɗanne masana'antu ne, wane irin gari suke so? Sannan mai injin niƙa na unguwa zai iya fitar da wanda za su karɓa, ko sai babban kamfani?

Injiniya Mai Niƙa: Wa alaikumus salam Malam. Kafin a kai ga lissafa masu saye, a fara raba abubuwa uku da ake cakuɗa sunayensu: tsaki, gari, da sitaci. Tsaki da gari duk ƙwayar masara ce aka farfasa a bushe, bambancinsu girma ne kawai. Sitaci kuwa sai an jiƙa masarar, an markaɗa, an tace, an cire furotin da mai da dusa, ya rage farin tsantsa. Abin da ke ƙara rikita mutane shi ne rubutun jikin gwangwani. Idan kaya na bin tsarin Ingila, "corn flour" sitaci ake nufi. A Amurka kuma kalmar nan gari mai laushi take nufi. Gwajin mai sauƙi ne: murza shi tsakanin yatsu, sitaci yana yin ƙara kamar sabon takalmin roba, kuma in aka dama shi da ruwan sanyi aka ajiye sai ya kwanta ƙasa ya daskare kamar gasara. Gari ba ya yin haka.

Ita ƙwayar kanta, kusan kashi 70 cikin 100 sitaci ne, furotin 8 zuwa 10, mai kamar 4. Man nan kusan duk yana cikin 'yar zuciyar da tsiro ke fitowa daga gare ta, wadda ba ta wuce kashi 11 ko 12 na nauyin ƙwayar ba. Wannan 'yar zuciyar ce ke raba kasuwa gida biyu. Masu abincin dabbobi suna son ta. Kusan duk sauran masana'antu gudunta suke, domin da zarar an niƙa ta ta haɗu da iska, man ya fara lalacewa, cikin makonni kaɗan a zafin ƙasarmu gari ya soma ɗaci da wari.

Ɗan Saminaka: Ranka ya daɗe, ai surfe ke nan. Duk matar da ta san tuwo sai ta surfa masara, ta bakace, ta wanke, ta shanya, sannan a kai inji. Me kamfani zai yi da ya wuce wannan?

Injiniya Mai Niƙa: Tunanin ɗaya ne, Alhaji, amma awo ya bambanta. Surfe a turmi ko a ƙaramin injin surfe yana cire bawo da wani ɓangare na zuciyar, ba duka ba. Masu saye da yawa kuma suna rubuta cewa mai kada ya kai kashi 1 cikin 100. Ga yadda ake kaiwa can.

Ana fara tsaftacewa: rariya ta cire ƙasa da totuwa, injin tsince tsakuwa ya yi nasa, maganaɗisu ya kama ƙusa da waya. Sai a yayyafa ruwa a ɗaga danshin masarar daga 13 zuwa wajen 18 ko 20, a bar ta ta ɗan huta. Hikimar ita ce bawo da zuciya su yi taushi kamar roba, cikin ƙwayar kuma ya zauna da taurinsa, don haka in injin ɓare zuciya ya goge ta, zuciyar ta fita ɗungurungum maimakon ta dagargaje. Daga nan a sake busarwa, a bi da ita ta cikin injin ƙarafa masu birgima, a tankaɗe hawa-hawa: manyan gutsattsari, tsaki matsakaici, tsaki mai laushi, sai gari. A buhu mai kilo 100 ana samun kamar kilo 65 zuwa 75 na wannan kaya mai tsabta, saura dusa da zuciya.

Inda ake faɗuwa: ruwa ya yi kaɗan, zuciya ta niƙe cikin gari, mai ya hau. Ruwa ya yi yawa ko an bar ta ta daɗe, rariya ta toshe, gari ya fito da laima ya yi fumfuna a buhu. Injin unguwa mai faranti biyu kuma yana da nasa laifin, faranti na cin juna, ɓurɓushin ƙarfe na shiga gari. Ja maganaɗisu cikin garin da aka niƙa da sabon faranti ka ga abin mamaki.

Likitan Kaji: Salam. Ku bar mu mu yi magana tunda mu ne manyan masu saye. A Najeriya babu masana'antar da ke shan masara kamar ta abincin kaji. A kowane kilo 100 na abincin kaji, masara na ɗaukar kilo 50 zuwa 60, don ita ce tushen kuzari, kusan kilokalori 3,300 a kilo. Shi ya sa a watan Yulin 2020 da Babban Bankin Najeriya ya daina ba da kuɗin waje don shigo da masara, masu kaji ne suka fi kowa kuka.

Amma mu ba gari muke so ba, ɓarzajjiya muke so, da zuciyarta da komai. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a niƙa ta lilis. Kaza tana tsintar ƙwaya ne, ba lasa take ba. In abinci ya zama gari sai ta rage ci, ƙura ta shige mata hanci, garin ya manne a baki, sinadaran bitamin kuma su kwanta ƙasan mazubi. Ƙundunta ma yana buƙatar abin da zai niƙa, in ba haka ba ya yi rauni. Ga 'yan tsaki, rariyar inji mai rami milimita 3 ta isa. Ga masu ƙwai a sa mai 6 zuwa 8.

Sai batun launi. Jar masara ce ke sa gwaiduwa ta yi ruwan ɗorawa sosai, fara kuwa gwaiduwa ta fito fayau, mai saye ya ɗauka ƙwan ba shi da kyau. Furotin na masara kuma gajere ne wajen laisin da tiriftofan, wasu sinadaran gina jiki, dole a cike da waken suya ko ƙulin gyaɗa, a ƙara laisin da metiyonin na kanti.

Abu Safwan: Dakta, to kifi fa? Na ji ana cewa masara ce ke sa abincinsu ya yi iyo.

Likitan Kaji: Sitacin da ke cikinta ne, amma sai ya dahu. Abincin tarwaɗa mai iyo yana son sitaci ya kai wajen kashi 20 na haɗin, a niƙa komai ya yi laushi ƙwarai, saɓanin na kaji, sannan a tura shi cikin injin da ke dafawa da matsi da zafin da ya haura digiri 120. Da ya fito ta ramin ƙarshe sai ruwan ciki ya zama tururi nan take, ƙwayar ta kumbura ta cika da iska. Injin da ke dunƙulewa kawai ba tare da wannan zafi ba, ko buhu nawa na masara ka zuba, nutsewa zai yi. Kuma kada a cika wa tarwaɗa masara don neman sauƙi, mai son furotin ce, kitse kawai za ta tara.

Tun da ina kan magana, babban abin da ke sa a mayar da mota ba girman niƙa ba ne, gubar afalatoksin ce. Fumfunar da ke kama masarar da aka shanya a ƙasa ko aka ɗura da laima ita ke haifar da ita. Dafuwa ba ta kashe ta, niƙa ba ya cire ta. Iyakar da Amurka ta sa wa abincin mutane kashi 20 ne cikin biliyan, Turai ta fi haka tsanani. A Kenya a 2004 mutum 125 suka rasu sanadin gurɓatacciyar masara. A kaji tana lalata hanta, ƙwai ya ragu, allurar rigakafi ta ƙi kamawa. Maganin daga gona yake farawa: Aflasafe, maganin hana gubar da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar, kilo 10 a hekta, ana watsawa sati 2 zuwa 3 kafin masara ta fitar da fure. Sai shanya a kan tamfol, da tsince ruɓaɓɓu kafin a kai inji.

Hajiya Maman Iman: Sannunku da ƙoƙari. Ɓangaren abinci kowanne da girman da yake nema, kuma ba sa yarda a musanya musu.

Masu kwanfilas, irin wanda NASCO ta Jos ta yi suna a kai, manyan gutsattsari suke so, kowanne kamar sulusi zuwa rabin ƙwaya, domin a tsarin asali gutsure ɗaya shi ke zama ɓawon kwanfilas ɗaya. Ana dafa shi da sukari da gishiri cikin tukunyar matsi kamar awa 2, a rage masa ruwa, a bar shi ya huce danshin ya daidaita, a bi shi da abin daddaɓewa, sannan a gasa na ɗan lokaci da wuta mai ƙarfi har danshi ya koma ƙasa da kashi 3. Masara mai tauri, mai sheƙi kamar gilashi in an fasa, ita ke ba da irin waɗannan gutsattsari. Mai laushin ciki garin take zama.

Masu 'yan ƙwallayen nan masu garɗin cuku da yara ke so, tsaki matsakaici suke saya, danshi 13 zuwa 15. In gari ya yi yawa a ciki sai ya ƙone ya toshe inji. In mai ya yi yawa, tsakin ya riƙa zamewa a cikin injin, ba zai kumbura ba, ya fito da tauri kamar tsakuwa. Golden Morn ma masara ce da waken suya. Sai garin tuwo na leda irin su Masavita, wanda ba ya saurin ɗaci don an cire zuciyar, kuma tun 2002 doka ta wajabta a ƙara wa garin masara na kamfani bitamin A.

Kastad kuwa ba gari ba ne sam, sitaci ne da ɗan gishiri da kala da ƙamshi. Masu cewa kastad ɗinsu ya ƙi kauri, ga dalili: sitacin masara ba ya fara kumbura sai zafi ya kai wajen digiri 62 zuwa 72. In kika dama da ruwan sanyi mai yawa, ko da tafasasshen ruwa kika zuba a kai, haɗin ba zai kai wannan zafi ba. A dama da ruwa kaɗan, ruwan zafin ya fito daga wuta yana ɓararraka, a zuba gaba ɗaya. In ya ƙi, a mayar kan wuta minti biyu. Kuma cokalin da ya shiga baki kada ya koma kwano, yawu na narkar da sitaci, shi ya sa kokon yaro ke tsinkewa kafin ya gama sha.

Ɗan Saminaka: Hajiya, burodi fa? A ce da masara ake yi ai da mun huta da alkamar waje.

Hajiya Maman Iman: Alhaji an gwada. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, aka yi ta haɗe-haɗe, daga baya dai aka janye. Masara ba ta da danƙon da ke riƙe iskar yis. Kashi 10 zuwa 15 na fulawa za a iya maye gurbinsa da garin masara mai laushi ba tare da mai ci ya lura sosai ba. Ya haura 20, burodi ya ƙi tashi, ya yi nauyi, ya riƙa marmashewa washegari. Dabarar mutanen Fotugal a burodinsu na masara ita ce a fara zuba wa garin tafasasshen ruwa ya yi talge, ya huce, sannan a kwaɓa da fulawa. A biskit da cincin kuwa masara taimako ma take yi, tana ƙara garas-garas.

Injiniya Mai Niƙa: A wancan zamanin dai, a 1988, aka hana shigo da tsiron sha'ir, sai masana'antun lemon malt da na giya suka koma kan dawa da tsakin masara. Su ne suka fi kowa tsaurara maganar mai, don yana kashe kumfa yana ɓata ɗanɗano. Wanda addininsa ya hana shi sayar wa wani ɓangare sai ya tambayi inda kayansa za su.

Malam Mai Kwali: Barkanku. Duk kwalin taliya ko na sabulu da kuka gani a Kantin Kwari ko Singa, da sitaci aka manne shi. Masana'antar takarda da kwali ita ce gaba wajen shan sitaci in aka cire abinci. Gam ɗin kwali kuma yana da wata hikima da masu tuwo za su gane nan da nan.

Misalin awo: lita 100 na ruwa, sitaci kilo 30. Ba duka ake dafawa ba. Ana ɗebar kamar kilo 5 a dafa da wani ɓangare na ruwan tare da kostik soda wajen giram 600, ya zama kunu mai yauƙi. Sai a ƙara sauran ruwan da sanyinsa, a zuba ragowar kilo 25 ɗanye, a ƙarshe boraks kamar giram 400. Dafaffen aikinsa ya riƙe ɗanyen kada ya kwanta, kuma ya ba gam ɗin kaurin da zai hau abin shafawa. Ɗanyen kuma sai ya taɓa zazzafar takarda a kan inji yake dahuwa farat ɗaya, ya shanye ruwan, ya kama. Da duka aka dafa, da tuwo za a samu wanda famfo ba zai iya turawa ba. Kostik yana sauko da zafin da sitaci ke dahuwa zuwa wajen digiri 60, boraks yana ƙara danƙo.

Kostik ya yi yawa, gam ya dahu a cikin kwanon inji kafin ya kai takarda, ya yi gudaji. Ya yi kaɗan, kwali ya fito kamar ya kama, ana lanƙwasa shi ya ɓalle, ka ga farin gari a layin gam ɗin, alamar sitacin bai dahu ba ke nan. A zafin bazara kuma gam ɗin da ya kwana yana tsami ya tsinke. Ana iya amfani da gari mai laushi sosai a maimakon sitaci don rage kuɗi, amma furotin ɗinsa na jawo kumfa, yana cin kostik, dusa kuma na toshe matata.

Hajiya Maman Iman: Malam ai talge ka kwatanta! A fara da ɗan gari a yi ruɗe ya dahu, sannan a riƙa barbaɗa ɗanyen ana tuƙawa da muciya. Wadda ta juye gari gaba ɗaya cikin tafasasshen ruwa, wajen ya dahu ya rufe, ciki ya zauna ɗanye, gudaji ke nan.

Ɗan Zangon Kumasi: Haka dokunu yake a nan Gana, Hajiya. Ana jiƙa masara, a markaɗa, ƙullun ya yi kwana 2 ko 3 ya yi tsami, sai a raba biyu, a dafa rabi sama-sama, a haɗa da ɗanyen rabin, a ƙunshe a bawon masara a sake dafawa. Dafaffen rabin ne ke riƙe jiki. Tuo zaafi na arewacin Gana kuwa sunansa ma namu ne, tuwo mai zafi. Game da ƙarancin laisin da Dakta ya ambata, a Kumasi aka fitar da irin Obatanpa a 1992, mai ingantaccen furotin, wanda cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru ta fitar a Najeriya da sunan SAMMAZ 14. Masu haɗa garin kunun yara su nemi irinsa.

Baba Masaƙi: Allah ya yi muku albarka. A masaƙa, kafin zaren tsaye ya hau inji sai an bi da shi cikin dafaffen sitaci an busar, don gashin auduga ya kwanta, zare ya jure gogayya. Sitaci ya yi kaɗan zare ya yi ta tsinkewa, inji na tsayawa. Ya yi yawa zare ya bushe ya yi ƙaras, ya riƙa zubar da gari. Bayan saƙa kuma dole a wanke shi tas kafin rini, in ba haka ba launi ya hau dabbare-dabbare. Lokacin da masaƙun Kakuri a Kaduna ke aiki sosai, tun daga masaƙar KTL da aka buɗe a 1957, wannan babbar kasuwar sitaci ce. Amma a gyara wani abu: sitacin da masu wanki da guga ke sa wa shadda galibi na rogo ne. Na rogo yana dahuwa garau kamar ruwa, na masara yana yin hazo-hazo, a kan baƙin yadi sai ya bar fari.

'Yar Famasi: Salamu alaikum iyayena. A ƙwayar magani sitacin masara na aiki biyu masu kama da kishiyoyi. In aka dafa shi ya zama kunu, kashi 5 zuwa 10 cikin ruwa, shi ke haɗa garin magani ya dunƙule. In aka zuba shi a bushe, shi ke jan ruwa a ciki ya farfasa ƙwayar don maganin ya fita. Kunun ya yi ƙarfi, ƙwaya ta ƙi narkewa a kan lokaci, ta faɗi gwaji. Wannan kasuwar ba ta mai injin unguwa ba ce ko kaɗan, ana auna ƙwayoyin cuta, toka, danshi da ragowar sinadarai. Gulukos na ƙarin ruwa daga sitaci ake samo shi, haka sobitol na man goge baki. Johnson & Johnson ma ta mayar da hodar jarirai ta sitacin masara a duk duniya daga 2023. Sai dai hodar cikin safar hannun likitoci, wadda ita ma sitacin ce, Amurka ta haramta ta a 2017 saboda illar da take yi wa rauni da hanyar numfashi.

Abu Safwan: To shi sitacin, ba za a iya yin sa a ƙaramin mataki ba? Ai kamar yadda ake gasarar koko ne.

Injiniya Mai Niƙa: Kakarsa ce ma. Kamfani na jiƙa masara awa 24 zuwa 48 a ruwa mai zafin digiri 50 da ɗan sinadarin salfa kamar kashi 0.2, wanda ke kwance furotin da ya rungume sitacin. Sai a ɓarza sama-sama zuciya ta taso don tana da mai, a kwashe ta a matse man girki, a markaɗa sauran, a tace dusa, injin juyi ya raba furotin da sitaci. Kilo 100 na busasshiyar masara na ba da sitaci wajen kilo 65, da wani garin furotin mai kashi 60 da masu kaji ke rububi. Ko ruwan jiƙon ba a zubarwa, da shi aka bunƙasa noman fumfunar fenisilin a Peoria ta Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Gasarar gida tana fitowa da ragowar furotin da tsami, ta isa koko da gam ɗin hannu, amma ba ta kai ta kastad ko magani ba. Ga kuma ruwa mai yawa da aikin ke sha.

Sauran masu saye a taƙaice: Amurka na juya sama da sulusin masararta zuwa itanol, man da ake haɗawa da fetur, tan ɗaya na ba da kimanin lita 400. Masu haƙar mai na zuba dafaffen sitaci a taɓon haƙa don ya hana ruwa tsiyayewa cikin dutse, sai dai zafin da ya haura digiri 120 na lalata shi. A Burazil da tsakin masara da kostik ake raba tamar ƙarfe da yashi, su ma mai ya yi yawa kumfar aikin ta mutu. Akwai allon silin na jifsam, akwai yashin zubin ƙarfe, akwai robar da ake yi daga masara wadda ba ta ruɓewa a bola sai a wurin takin da ke da zafin digiri 60.

Malam Mai Kwali: Wanda ƙaramin mai sana'a zai iya farawa gobe shi ne curin gawayi. Garin gawayi kilo 10, sitaci giram 500 zuwa 800. In garin masara ne a ƙara kamar sulusi a kai, tunda ba duka ne sitaci ba. A dama da lita 1 na ruwan sanyi, a juye cikin lita 3 zuwa 4 na tafasasshe, a juya har farin ya ɓace ya yi sheƙi. A kwaɓa da zafinsa, in an dunƙula a hannu ya tsaya ba ya ɗiga, a matse a inji, a shanya kwana 3 zuwa 5. Ɗanyen gari ba ya riƙe komai, wannan ne kuskuren farko. Na biyu shanya rabi, ciki ya yi fumfuna a buhu. Masarar da ƙwari suka ci, wadda ba ta dace da mutum ko kaza ba, nan ne gidanta.

Likitan Kaji: Madalla da wannan, Malam. Gara ta ƙone a murhu da a ɓoye ta cikin dusa a sayar wa masu shanu, don gubar na bi ta nono.

Injiniya Mai Niƙa: Gargaɗi ɗaya ga duk mai niƙa da yawa: ƙurar gari a rufaffen ɗaki fashewa take yi in ta haɗu da tartsatsi. A Taiwan a 2015 hodar sitacin masara mai kala da aka fesa a wurin biki ta kama wuta, mutum 15 suka mutu, kusan 500 suka ƙone. A share ƙurar kan katako da fitilu, kada a yi walda inji na aiki, a kula da belin da ke zamewa yana zafi.

Amsar tambayarka kan mai injin unguwa, Malam Abu Safwan: mai ƙaramin inji zai iya shiga kasuwar abincin kaji, garin tuwo na leda da curin gawayi. Tsakin kamfani kuwa sai da injin ɓare zuciya, rariya mai hawa-hawa da na'urar auna danshi. Kafin ka niƙa ko tiya ɗaya, karɓi takardar sharuɗɗan mai saye: danshi, mai, girman tsaki, afalatoksin, launi.

Ɗan Saminaka: Na'urar danshin nan ba kowa ke da ita a Saminaka ko Dawanau ba. Mu dai haƙori muke sa wa, in ta fashe ƙas ta bushe.

Injiniya Mai Niƙa: Haƙori na raba ɗanya da busasshiya, amma ba ya raba 13 da 16, kuma a nan asarar take. Ga gwaji mafi kusa: busasshiyar kwalba, a cika sulusinta da masara, a zuba cokali 2 na gishirin da aka soya ya bushe, a rufe, a girgiza minti 1, a ajiye kwatan awa, a sake girgizawa. Gishiri ya manne a jikin kwalba, danshi ya haura 15, ba ta isa ajiya ba. Lissafin kuɗin kuma: buhu mai kilo 100 da aka saya da kaka a danshi 18, in ya sauka 13, a raba 82 da 87, ya koma kilo 94 da ɗan kai. Kusan kilo 6 ruwa aka biya, fiye da tiya biyu a kowane buhu, kafin a cire tsakuwa da totuwa.

Ɗan Saminaka: A tirela mai buhu 300 buhu 17 ke nan sun bi iska. Gishirin wane iri, na leda ko na gargajiya?

Injiniya Mai Niƙa: Na leda mai laushi, Alhaji. A soya shi a busasshen kasko, a bar shi ya huce a rufe, sannan a fara girgiza shi shi kaɗai a kwalbar. In ya manne tun babu masara, kwalbar ce ko gishirin ke da laima, a sake.